Shirwa Da Ɗan Karen Madam: Wa Ya Kamata A Kama Da Laifi?

  

Yau maganar kare zan yi. Na san tun kafin in kai ƙarshen layin nan wani ya riga ya taɓe baki yana cewa, duk abubuwan da suka dame mu, ga tsadar mota ga kuɗin haya, yaron nan bai ga abin rubutu ba sai kare? A yi haƙuri a karanta tukuna. Ba karen farauta nake nufi ba, ba kuma na gadi ba. Ƙananan karnukan nan nake nufi masu gashi buzu-buzu, waɗanda wasunsu ba su fi mage girma ba, da masu hali suke ajiyewa a falo, a yi musu wanka da sabulu a ɗauke su a mota. A gidanmu babu irinsu, kuma ban san gidan Bahaushe ko ɗaya a Sabo da ake da su ba. Amma ku dubi yawan samarinmu da ke aikin gadi a Bodija da Jericho, ko a Lekki da Ikoyi can Ikko. A yawancin gidajen nan, maigadi shi ke fita da karen, shi ke ba shi ruwa, shi ke sa masa ido idan masu gida sun tafi aiki. Ranar da karen ya ɓata ko ya ji ciwo, ba a tambayar kowa kafin shi. Wani a yanke masa albashi, wani a kore shi, wani ma sai ya kwana a ofishin 'yan sanda. To kun ga ashe maganar ta shafe mu.

Abin da ya ƙara sa ni rubutun shi ne wani tsoro da ya shigo masu irin karnukan nan, wanda daga waya suka kwaso shi. Suna kallon bidiyon Amurka inda ake nuna tsuntsu ya kawo wa ɗan kare sura a bayan gida, sai su ɗaga kai su ga shirwa tana shawagi a saman unguwa, shi ke nan hankali ya tashi. Daga nan sai ka ji ana maganar a sa guba a nama a ajiye a kan katanga, ko a nemo mai bindiga. Ni ra'ayina, tsoron da ake yi wa tsuntsun ya fi ƙarfin tsuntsun nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya ajiye dabba mai rauni, rufi da sa ido a wuyansa suke. Kashe tsuntsu ba ya tsare kare, ɓarna kawai yake ƙarawa.

Tunda daga Amurka tsoron ya taso, bari mu je can mu ga yadda abin yake a wurin masu shi.

Mu 'ya'yan 'yan kasuwa da sikeli muka saba, don haka da awo zan fara. Tsuntsun da aka fi zargi a can shi ne wani shaho mai jan wutsiya, wanda kusan ko'ina ana ganinsa a ƙasar, har cikin manyan birane. In ka gan shi ya buɗe fukafukai sai ka ɗauka wani ƙato ne, amma in aka ɗora shi a sikeli da ƙyar yake wuce kilo ɗaya da rabi, yawancinsu ma kusan kilo ɗaya ne. Gashi ne ya cika shi, ƙasusuwansa kuma ba nauyi. Sai wata babbar mujiya mai gashi biyu a ka kamar ƙaho, wadda ke farauta daga magariba zuwa asuba. Ita ma tsakanin kilo ɗaya ne zuwa biyu da ɗan wani abu. Tsuntsu kuwa ba ya iya tashi sama da abin da ya fi shi nauyi, akasari ma abin da yake ɗauka bai kai nauyinsa ba. Yanzu ɗora karen a ɗaya gefen. Ciwawa, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a karnukan duniya, yakan kai kilo ɗaya da rabi zuwa uku. Irin mai dogon gashin nan da ake kira Lasa, wanda aka fi gani a gidajen Ikko da Ibadan, yana kai kilo 5 zuwa 8. Ta yaya tsuntsu mai kilo ɗaya zai tashi da kilo shida? Kamar ka ce ɗan dako ya ɗauki buhun masara shida a ka ne ya haye tudun Mokola da gudu.

Kada wani ya ce na ce babu haɗari sam. Akwai. Tsuntsun da ba zai iya ɗauka ba yana iya kai hari a ƙasa ya soka farata, kuma faratan mujiyar nan suna huda fata su shiga ciki sosai, su taɓa ido ko huhu. Likitocin dabbobi a can suna ganin irin raunin. Haka kuma lokacin da tsuntsu ke da 'ya'ya a sheƙa, yakan kawo duka ga duk abin da ya matso kusa da bishiyar, har mutum, ba don ci ba sai don kora. Ɗan kwikwiyo sabon haihuwa kuwa, wanda bai kai rabin kilo ba, wannan kam abin ɗauka ne. Amma babban kare a sure shi a tafi da shi sama kamar yadda ake tsoro, abu ne mai wuyar gaske.

Shi kansa bidiyon ma a riƙa yi masa kallon tsanaki. A watan Disamba na 2012 an yaɗa wani da ke nuna gaggafa ta suri jariri a wani filin shaƙatawa a Montiriyal ta ƙasar Kanada. Miliyoyin mutane suka kalla cikin 'yan kwanaki, iyaye suka firgita. Daga baya ta bayyana ɗaliban wata makarantar koyon haɗa hoto da kwamfuta ne suka ƙirƙira shi a matsayin aikin aji, babu gaggafa babu jaririn da aka ɗauka. Wannan fa tun kafin zuwan manhajojin yanzu da yaro zai zauna da waya ya haɗa maka abin da bai taɓa faruwa ba.

A nan nahiyarmu ma an gwada abin da ido. A birnin Daban na Afirka ta Kudu akwai wata gaggafa mai tukku da ke sheƙa a tsakiyar unguwanni, kuma ita ba wasa ba ce, tana kashe biri da gada. Masu karnuka suka yi ta kuka da ita. Masu bincike suka kafa kyamarori a sheƙunan don su ga abin da iyayen ke kawo wa 'ya'yansu, aka buga sakamakon a 2016. Abin da suka gani yawanci rema ce da 'ya'yan tsuntsaye da ƙananan gada. Kyanwoyi 'yan kaɗan, kare kuwa ko ɗaya ba su gani an kawo ba. Sun yarda cewa jefi-jefi ana kai wa ƙananan karnuka hari, amma ba shi ne abincinta ba. In gaggafar da ke kashe gada haka lissafinta ya fito, ina ga shirwa?

Wanda ke cin ƙananan karnuka da gaske a Amurka a ƙasa yake tafiya. Sunansa koyote, ɗan uwan dila ne amma ya fi dila girma, yana kai kilo 9 zuwa 20. Asalinsa filayen tsakiya da yammacin ƙasar ne, amma yau babu jihar da ba ya ciki sai Hawayi, kuma ya shiga birane ya zauna daram, a Shikago da Los Anjalas har da Niyok. Yana haura katanga mai kusan mita biyu, ya ɗauki ɗan kare a bayan gida ya fice kafin mai shi ya juyo. Ya fi zafi daga Janairu zuwa Maris lokacin barbara, da kuma bayan nan in yana da 'ya'ya a rami. A Shikago tun shekarar 2000 wani malamin jami'a mai suna Stanley Gehrt yake jagorantar bincike a kansu, ana sa musu na'ura a wuya ana bin sawunsu. Abin da aka gano shi ne yawancin abincinsu ɓeraye ne da zomaye da 'ya'yan itace, dabbobin gida kaɗan ne ƙwarai, kuma waɗanda suka fi zama fitina su ne waɗanda mutane suka saba wa da abinci har suka daina tsoron ɗan Adam.

Ga inda nake so a lura. Fiye da shekara ɗari Amurkawa suna yaƙi da koyote, da tarko da guba da bindiga har daga jirgin sama. Har a 'yan shekarun nan hukumar gwamnati da ke wannan aiki tana kashe sama da 50,000 a shekara, ban da na mafarauta. Me ya biyo baya? Ƙasar da yake zaune a cikinta ƙaruwa ta yi. In aka kashe na wata unguwa, wasu ne ke shigowa su maye gurbin, tunda abincin da ya jawo na farko yana nan. Ƙasa mai kuɗi da jirage ta kasa gamawa da shi, sai Madam da ƙullin gubarta ce za ta gama da shirwar Ibadan?

Su tsuntsayen kuwa ba ma a isa a taɓa su ba. Akwai dokar kare tsuntsaye ta 1918, wadda aka shigar da shaho da mujiya cikinta a 1972. Ko da shaho ya raunata maka kare, in ka harbe shi ko ka sa masa guba ko ka rushe sheƙarsa mai ƙwai ba da izini ba, kai ne za ka amsa tambaya a kotu. Ni a ganina wannan hani shi ya tilasta musu yin tunani. Da aka rufe ƙofar kisa sai kowa ya koma duba gidansa. Sukan yi wa wurin wasan karen rufi da raga. Ba a sakin ƙaramin kare shi kaɗai a waje, musamman da magariba da asuba, sai mutum yana tsaye kusa, kuma igiyar da ake riƙe shi da ita gajera ce don kada ya yi nisa. Ba a barin kwanon abinci a waje ya kwana, ba a barin shara a buɗe, saboda abinci na jawo ɓera, ɓera na jawo mai cin ɓera. A saman katanga wasu kan ɗora bututu mai juyawa, in koyote ya kafa ƙafa zai haura sai ya murgina ya zame. In kuma aka yi kiciɓis da shi, abin da ake koya musu shi ne kada ka gudu, ka ɗauki karenka, ka ɗaga hannu ka yi ihu ka jefa masa wani abu har ya tuna cewa mutum abin tsoro ne.

Har riga suka ƙera. Wasu iyali a San Diyego da koyote ya ɗauke musu kare a gaban idonsu a 2014 su suka fito da wata sulke da suka sa wa suna CoyoteVest, mai ƙayoyi a wuya da gadon baya da wasu dogayen tsinkayen roba masu launi a tsaye. In ka ga karen a ciki sai ka ɗauka bushiya ce ta je biki. Na san duk wanda ya ga hoton a cikinmu dariya zai yi, ni ma na yi. Amma in ka tsaya ka duba, hikimar ba ta da aibu: ba su ce a ƙarar da koyote ba, sun ce bari mu sa abin namu ya yi wuyar ci.

Ban ce sa ido yana hana komai ba. A Los Anjalas an yi wata dabba dangin damisa da suke kira zakin dutse, aka sa masa lamba P-22, wanda ya zauna a dajin Griffith cikin birni tun 2012, mutanen garin suna alfahari da shi. A Nuwamban 2022 ya fito ya kashe wani Ciwawa da ake riƙe da shi da igiya a hannu. Amma dubi yadda aka yi. Ba mai karen ne ya ɗauki bindiga ba. Hukuma ce ta kamo shi, likitoci suka duba suka tarar ya tsufa, mota ta buge shi, ƙodarsa ta lalace, sannan aka kashe shi ranar 17 ga Disamba. Dabba ɗaya da aka tabbatar ta zama haɗari, masana suka yanke mata hukunci. Wannan daban ne da watsa guba a unguwa don ana zargin duk mai fiffike.

To mu dawo gida. Shirwar da muke gani a saman kwata da bola da bakin kasuwa ba ta kai kilo ɗaya ba, ƙafafunta ma ba su da ƙarfin na shaho. Abincinta tarkacen nama ne da mushe da ƙadangaru da fara da shinge, in ana ƙona daji kuma ka gan ta tana bin hayaƙi tana cafke abin da wuta ta koro. Sai kuma 'yan tsaki, wannan kowa ya sani. Wani abin da ke burge ni game da ita shi ne 'yar ci-rani ce kamar mu. Tana sauko wa Kurmi wajen Oktoba in ruwa ya ɗauke, ta yi rani a nan, in damina ta kankama ta nufi Arewa. Ku lura da sararin sama a watan Yuli ku kwatanta da Janairu za ku ga bambanci. Baƙuwar da ta zo neman abinci, ana ganinta aka ce ita ce ɓarauniya. Ina jin mu ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan hali.

Kwanakin baya wani abokina da ke gadi a wani gida wajen Bodija ya same ni a rumfar Babanmu ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, ka ga wata sabuwa. Karyar Madam ta haihu huɗu, shi ne ta ba ni kuɗi wai in sayo maganin ƙwari na gona in barbaɗa a hanji in ɗora a kan katanga saboda shirwa." Na ce, "To kai me ka ce mata?" Ya ce, "Me zan ce, ni da nake cin albashinta? Amma wallahi raina bai kwanta ba." Babanmu yana gefe yana jinmu yana tsintar goro, bai ɗago ba ya ce, "Kai yaro, in iska ko hankaka ya yar da hanjin nan cikin gida uwar ta ci, wa za a ce ya kashe ta?" Abokina ya yi shiru. Amsar a fili take: wanda ya sayo gubar da hannunsa, wanda mai shago zai shaida ya gani. A ranar muka je ya sayi ragar waya da kuɗin, aka kira kafinta ya rufe lungun da 'yan kwikwiyon suke. Madam ta yi ta faɗa wai ba abin da ta aike shi ke nan ba, har yau ma ba ta gama hucewa ba, amma aikinsa yana nan.

Ita wannan ragar ba sabon ilimi ba ce a wurinmu. Kakata a ƙauye ba ta taɓa jin sunan San Diyego ba, amma in kazarta ta ƙyanƙyashe, kifa ta take yi da babban kwando ita da 'ya'yan, ta zuba musu tsaki da ruwa a ciki, da dare a kai su akurki a toshe ƙofa saboda muzuru da tunku. Ba ta sakinsu sai rana ta ɗaga kuma akwai yaro a tsakar gida. Sai sun yi gashi sun yi wayon gudu ƙarƙashin rumbu sannan a bar su su yi yawo. A nan Kurmi kuma na ga mata suna shafa wa 'yan tsaki launi, ja ko shuɗi, don shirwa ta kasa gane su. Hausawa suka ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Ba a ce kaza mai 'ya'ya ita ke kashe shirwa ba, fukafukai take buɗewa.

Na san akwai mai cewa, kai ɗan birni kana kare shirwa don ba ka taɓa asarar tsaki goma a mako ɗaya ba. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Matar da ke kiwon kaji a bayan Sabo don ta sayar ta yi wa 'ya'ya kayan sallah, asararta ta fi ta Madam ciwo, don Madam za ta sayi wani karen gobe. Amma in ta harbe shirwa ɗaya da danƙo, gobe goma ne za su zo, tunda bolar da ta tara su tana nan. Kwando ɗaya da makonni shida na haƙuri sun fi mata riba. Wasu kuma in an yi maganar sai su ce ai zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma ban taɓa ganin wanda ya bar shagonsa a buɗe ya tafi gida ya kwanta da wannan hujja ba.

Akwai kuma mai cewa ina ruwan Musulmi da lafiyar karen falo. Hukuncin ajiye kare na bar wa malamai, ba fagena ba ne, kuma ban ce kowa ya je ya saya ba. Abin da na sani tun muna makarantar allo shi ne an ba mu labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da wadda aka azabtar saboda ta ɗaure kyanwa har ta mutu. Sannan wanda ya karɓi albashi a kan tsaron gida, abin da ke cikin gidan amana ne a hannunsa, ko yana son abin ko ba ya so. Tsuntsun da ke sama kuma shi ma rai ne, bai ci maka komai ba.

In ma don karen ne, abokan gabansa na gaske a garuruwan nan ba su da fiffike. Na farko ɓarawo, don karnukan nan suna da tsada kuma akwai masu saye ba tambaya. Sai mota, musamman ta gidan, lokacin da ake ja da baya. Sai manyan karnukan maƙwabta da na titi, waɗanda girgiza ɗaya za su yi masa su karya masa wuya. A sababbin unguwannin da aka yanka a bakin daji kuma akwai gamsheƙa da kasa da mesa, kuma mesa kam tana haɗiye ƙaramin kare. Sai shinkafar ɓera, wadda masu gidan da kansu suke zubawa a sito da bayan kicin. Kare ya ci ta kai tsaye, ko ya ci ɓeran da ya ci ta. Mujiyar da ke rage mana ɓeraye kyauta ita ma ta nan take mutuwa, ga kuma jifa da take sha saboda camfi. Ka kashe mai cin ɓera, ɓera ya yi yawa, maciji ya biyo ɓera har cikin gida.

Kafin wani ya ce tsuntsu ɗaya ko biyu ba za su rage komai ba, ina tambayar dattawanmu na kwata: yaushe rabonku da ganin ungulu? Babanmu ya ce da can ba a yanka saniya a gama ba su sauko ba. Ni da na tashi a Ibadan zan iya ƙirga ganin da na yi mata. A 2015 aka sa irin ungulun da muka sani cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Guba na cikin dalilai, haka ma cinikin kawuna da sassan jikinta a kasuwannin kayan magani, kuma mu faɗi gaskiya, akwai mutanenmu a cikin masu kawo kayan. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diklofenak, ya kashe musu fiye da kashi 95 cikin ɗari na ungulayensu, don in sun ci mushen saniyar sai ƙodarsu ta lalace. Ba a hana ba dabbobi maganin ba sai 2006. Mushe ya rasa mai ci, karnukan titi suka samu abinci suka yi ta hayayyafa, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwa ya gurɓata. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta mutanen da suka mutu a dalilin haka sun kai kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Shirwa ita ma mai share mana ƙazanta ce, kuma yanzu da ungulu ta yi ƙaranci, kusan ita da hankaka suka rage a bakin aikin.

Saura 'yan uwana masu gadi, ku nake so in yi wa magana kai tsaye. In aka kawo ƙaramin kare gidan da kake aiki, tun ranar farko ka zagaya katanga ka duba ƙarƙashin get da bakin magudanar ruwa, duk inda kansa zai shiga to jikinsa zai bi. Abin da ka gani ka faɗa wa mai gida a gaban wani, direba ko mai aiki, ko ka tura masa a waya don ya zama akwai shaida. In karya ta haihu, ka nemi a rufe wurin da raga ta sama da gefe har 'ya'yan su yi kamar wata biyu. Kada ka bari a bar kwanon abincinsu a waje ya kwana. Kafin a tayar da mota ka san inda karen yake. In an aike ka sayen guba, ka ce a ba ka kuɗin raga, in an ƙi ka ce a aiki wani. Ka kuma tambaya ko an yi wa karen allurar haukan kare, don kai ne mai taɓa shi kullum, kuma cizon ƙarami da na babba duk ɗaya ne a wurin wannan ciwo. In ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar, kada ka tsaya jiran Madam ta dawo daga aiki.

Wassalam. Naku, ɗan Sabo.